Jawabin maraba ga Mai girma Kwamishinan Noma yayin ziyararsa ga manoma da makiyayan Kadawa

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Noma, ranka ya daɗe, tare da duk 'yan tawagarka. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, Malam Liman, Sarkin Noma, Arɗo da sauran dattawan makiyaya, iyayenmu mata masu turara shinkafa da masu tallan nono, matasanmu, jama'a baki ɗaya, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci.

Yallaɓai sannu da zuwa, lale marhabin. A madadin manoma da makiyayan Kadawa da 'yan uwanmu da suka taso tun da safe daga Kura da Bunkure da ƙauyukan Garun Malam, muna maka barka da zuwa, kuma wallahi mun ji daɗin da ka zaɓi ka zo har bakin gona a cikin wannan rana maimakon a kira mu ofis a cikin birni, domin abin da zamu faɗa maka yau abu ne da ido zai fi kunne gane shi.

Ƙasar nan da kake tsaye a kai ba sai an gaya maka tarihinta ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da marigayi Gwamna Audu Bako ya assasa, Allah ya jiƙansa, ruwa yake gangarowa ta babbar kanal ya ratsa gonakinmu rani da damina. Iyayenmu da suke zaman jiran damina ko su tafi cirani, su ne suka koma noman alkama da tumatir da albasa da masara a tsakiyar rani, daga baya shinkafa ta zo ta mamaye ko'ina har Kura ta zama garin da ake kwatance da shi a harkar shinkafa. Gyaran da aka yi wa kanal-kanal ɗin nan a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya shi ma mun gani a ƙasa, wuraren da ruwa ya daina kaiwa shekara da shekaru yanzu yana kaiwa. Mun gode, kuma a isar mana da godiyar nan gaba.

Toh amma ranka ya daɗe, maganar da ta tara mu ita ce riba. Mu noma kam mun iya shi, babu wanda zai zo Kadawa ya koya wa mutum yadda ake dashen shinkafa. Abin da yake damunmu shi ne manomi zai cika buhuna fiye da na mahaifinsa amma in ya zauna ya cire kuɗin haya da na huɗa da na iri da kamfa da yuriya da maganin feshi da kuɗin 'yan aiki da na dako sai ya ga abin da ya rage bai kai ya riƙe gida zuwa wata kakar ba, wani ma uwar kuɗin ce take tafiya. Da yawanmu kuma ko wannan lissafin bama yi, sai dai mutum ya ga kuɗi a hannu ranar da ya sayar ya ɗauka riba ce.

Bari in ɗauki tumatir tunda shi ne ya fi fito da abin fili. Kowa a yankin nan kusan lokaci ɗaya yake dasawa saboda sanyi, don haka lokaci ɗaya yake nuna, sai ka je Kwanar Gafan ka ga kwanduna sun cika ko'ina har bakin titin Zariya, mai saye ya san baka da inda zaka kai shi, ya san in ya kwana biyu ruɓewa zai yi, shi zai faɗi farashi kai kuma ka sallama. Wanda aka loda zuwa Legas a kwandon gargajiya, ɗaya kan ɗaya, kafin ya isa kasuwar Mile 12 na ƙasa ya matse ya zama ruwa, kuma asarar nan a ƙarshe kan manomi ake dawo da ita ta hanyar karya farashi. Wanda bai samu mai saye ba sai ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa, ƙura da yashi su shiga, darajarta ta faɗi. Bayan wata uku kacal in damina ta kama, tumatir ɗin nan dai shi ne zai gagari talaka a kasuwa. Ga kuma tsutsar nan da muke kira sharon, wadda a 2016 ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, kuma har yau in zafi ya shigo bata barinmu. A shekarar ne ma aka buɗe kamfanin sarrafa tumatir da ke nan Kadawa, kuma babban burinmu shi ne a samu tsarin da zai sa injinan nan su riƙa aiki duk kaka, a yi yarjejeniyar farashi da manomi tun kafin ya dasa, kowa ya san matsayinsa. Kafin nan akwai abubuwan da basu da tsada sosai: kiret na roba maimakon kwando, wurin shanya mai tsafta da aka ɗaga daga ƙasa, ɗakin sanyi mai aiki da sola a bakin kasuwa, da irin da yake jure zafi da damina domin a rarraba lokacin dashe kada kowa ya fito rana ɗaya.

Hatsi ma haka ne, sai dai shi ciwon nasa bashi ne. Manomi bashi da kuɗin taki a watan Yuli, sai ya je ya karɓi bada kaka, a bashi kuɗi kaɗan da sharaɗin zai biya da buhu in an girbe, ranar da ya casa shinkafarsa masu bashi suna tsaye a bakin gona, shanshera zata tafi a farashin da ya fi kowane faɗuwa a shekara. Wanda ya saya ya ajiye a sito a Dawanau shi zai ci ribar bayan wata huɗu ko biyar. Bama zargin ɗan kasuwa, sana'arsa yake yi, mu dai muna so manomi ma ya samu ƙarfin riƙe kayansa. In da akwai rumbun ajiya na haɗin gwiwa a kowace mazaɓa, wanda mutum zai kai buhunsa a bashi takarda, ya karɓi wani abu ya biya buƙatar gabansa, in farashi ya tashi ya sayar, to da rabin kukan nan ya ƙare. Kuma dan Allah duk rancen da za a kawo a duba wanda babu ruwa a ciki, don mutanenmu da yawa sun gwammace su haƙura da su taɓa bashi mai ruwa.

Akwai kuma abin da ya faru bayan da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024. Farashin hatsi ya sauko, mai saye ya samu sauƙi, mu ma muna cin abincin kuma muna da 'yan uwa a birni, bama baƙin ciki da sauƙi. Amma taki bai sauko ba, maganin feshi bai sauko ba, man fetur da yake ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 sai da ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma duk wanda gonarsa take wajen kanal da inji yake ban ruwa. In za a saukar da farashin abin da muke sayarwa to a taimaka a saukar da na abin da muke saya, in ba haka ba mutane zasu rage gona, kuma mun fara ganin hakan. Injin ban ruwa mai sola da za a bayar a biya a hankali zai yi mana amfani fiye da rabon kayan da ake yi sau ɗaya a wuce.

Yanzu in juya wajen kiwo, kuma da gangan muka zauna da Arɗo da mutanensa a rumfa ɗaya yau. Manomin da ya dogara da amfanin gona kaɗai ƙafa ɗaya yake tsaye. Wanda yake da tumaki biyu da ɗan bijimi a turke, harawar wakensa da karan dawarsa da dusar masararsa basu tafi a banza ba, takin da suka tara ya rage masa buhun kamfa, in Babbar Sallah ta matso ko ya kai su kasuwar Wudil ranar Juma'a ya dawo da kuɗin da zai shiga damina ba tare da ya je neman bada kaka ba. Abin takaici har yanzu ana cinna wa tattakar shinkafa wuta a gonakin nan bayan girbi, alhali ga shanu can suna rama a bazara. Injin niƙa kara da koya wa matasa yadda ake haɗa abincin dabbobi sana'a ce guda da take jiran masu yi. Makiyaya kuma buƙatunsu a bayyane suke: a fitar da burtali da mashaya a sa musu alama kada a nome su, a riƙa yin rigakafin ciwon huhu da na sauran cututtuka kafin su ɓarke tunda ana yin allurar a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, sannan a samar da wurin tara madara mai sanyi kusa da rugage domin matan da suke yini a rana da ƙwarya su samu mai saye tabbatacce. Mun ji abin da shirin bunƙasa noma da kiwo na jiha wanda Bankin Musulunci ya tallafa wa ya yi a wannan fanni, muna roƙon a faɗaɗa ya iso ga rugagen da bai kai ba. Matanmu na cikin gida kuma kaji da awaki su ne bankinsu, farin kashi yana shigowa ya share kajin unguwa a sati ɗaya, maganin kuwa rigakafi ne mai arha in da akwai mai kawo shi.

Wannan ya kawo ni kan wayar da kai, wanda a ganina shi ne mafi arha a duk abin da na lissafa kuma shi aka fi sakaci da shi. Ilimin yana nan fa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da tashar gwaji a nan Kadawa, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA a Kano, ga cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, ga kwalejin noma ta Audu Bako a Dambatta. Amma tsakanin abin da suka gano da manomin da yake ƙauye akwai tazara, kuma malamin gona ne gadar. Da yawa daga cikin tsofaffin malaman gona sun yi ritaya, waɗanda suka rage ƙauyukan da ke wuyansu sun fi ƙarfinsu, sai ya zama mai shagon maganin feshi shi ne malamin, shi zai faɗa maka abin da zaka saya da yawan da zaka zuba. Da haka ake zuba wa wake maganin ƙwari a buhu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015, ga kuma illa ga mai ci, alhali buhun PICS mai ninki uku yana ajiye wake wata da watanni babu ko ɗigon magani. Da haka ake shuka alkama a makare bayan tsakiyar Disamba zafi ya riske ta kafin ta cika ido. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet take fitarwa duk farkon shekara, manomi nawa ne yake jin sa da Hausa ko Fulatanci a lokacin da zai amfane shi?

Muna roƙon a ɗauki sababbin malaman gona a basu babura, a sa mata a cikinsu domin su ne zasu iya shiga gidaje. A sayi fili a gidajen rediyo a lokacin da manomi yake gida, bayan sallar isha, a riƙa faɗin farashin kasuwanni da yanayi da sabon iri, a bar layi a buɗe mutane su kira su yi tambaya. Matasanmu duk suna da waya, saƙon murya a WhatsApp zai kai inda takarda bata kaiwa. A dawo da gonar makaranta a firamare da sakandare, yaro ya taso ya san noma sana'a ce da ake shiga da biro da littafi.

Mu ma akwai namu. Mun yi alkawari a ƙungiyance zamu riƙa fita gayya muna cire kacala daga ƙananan kanal, mu biya kuɗin ruwan kanal a kan lokaci, mu hana fasa kanal da wanke buhun magani a cikinta, kuma duk saɓanin da ya taso tsakanin manomi da makiyayi mu fara kai shi gaban Sarkin Noma da Arɗo da mai unguwa kafin ya girma.

Ranka ya daɗe, duk buƙatun nan mun rubuta su a takarda, Sarkin Noma zai miƙa maka yanzu. Bayan jawabinka muna so ka ɗan taka da mu zuwa gonakin da ke bayan rumfar nan, daga nan mu leƙa wajen mata masu turara shinkafa, sannan rugar da ke kusa, mutanen suna da abin da suke so su faɗa maka da bakinsu. Allah ya saka da alheri, ya yi riƙo da hannunka a wannan aiki, ya bamu damina mai albarka, ya maida kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum warahmatullah.