Hubert Ogunde da Abin da Ya Koya a Wurin 'Yan Kallon Ƙasar Nan

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka yi wa matasa masu wasan daɓe a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, ina gaisuwa. Samari na can baya, ku matso, lasifikar nan ba ta da ƙarfi.

Mutumin da zan yi magana a kansa Bayarabe ne, Hubert Ogunde, haifaffen Ososa kusa da Ijebu-Ode a 1916. Ya yi koyarwa, ya kaɗa ogan a coci, ya shiga ɗan sanda. Yana cikin kakin ne, a 1944, ya shirya wa wata coci a Legas wasan da kusan duk maganarsa waƙa ce, aka nuna a zauren Glover. Da ya ga yadda jama'a suka karɓa, sai ya ajiye aikin gwamnati, ya kafa ƙungiyarsa.

To ku lura da nauyin da ya ɗora wa kansa. Shi ke tsara labari, shi ke sa waƙa, shi ke koyar da rawa, shi ke fitowa jarumi, sannan shi ke neman kuɗin haya da na mota. Su loda kaya da fitilu da ganguna a babbar mota, su sauka gari, a manna takardun talla, da dare a karɓi kuɗin ƙofa. In zaure bai cika ba, ranar kowa sai ya ɗaure ciki. Mata kuwa, iyaye ba sa barin 'ya'yansu hawa dandali, saboda haka da yawa daga cikin 'yan wasansa matansa ne na aure. Na ga Hajiya tana murmushi. Haka abin yake, Hajiya.

Yanzu ga inda ya shafe mu. A 1948 ya kawo ƙungiyarsa nan ƙasar, lokacin ana ce mata Gol Kos, kuma tafiyar ba ta yi armashi ba. Waƙoƙinsa da Yarabanci suke, masu tsawo, masu nauyi. Mutanen nan kuwa sun saba da konsat fati irin na su Bob Johnson: barkwanci, kiɗan hailaif, rawa, magana da harshen da ɗan kasuwa ke ji. Wani da sai ya ce 'yan kallo ne ba su waye ba. Ogunde bai faɗi haka ba. Ya koma gida ya sake shiri, ya shigo da kayan busa na zamani, ya rage doguwar waƙa ya ƙara hira da ban dariya, ya dawo, aka cika masa zaure. Daga baya har sunan ƙungiyar ya mayar Ogunde Concert Party. A ganina nan ne ya tashi daga mawaƙi kawai ya zama mai shirya wasa na gaske, domin ya koyi sauraren mai biyan kuɗin ƙofa.

Amma kar ku ɗauka sauƙaƙa wasa ya sa ya zama ɗan amshin shata. Bayan an harbe masu haƙar kwal a Inugu a 1949, ya yi wasa a kai, hukuma a Kano ta hana nuna shi. A 1964 ya fito da wasan Yoruba Ronu, inda ya yi wa Akintola, Firimiyan Yammacin Najeriya, habaici da labarin sarkin da mataimakinsa ya ci amanarsa. Gwamnatin Yamma ta haramta wa ƙungiyar wasa a yankin baki ɗaya, ba a ɗage ba sai 1966, bayan juyin mulki. Shekara biyu ke nan mutum yana ciyar da runduna guda, an rufe masa babbar kasuwarsa.

Da tafiya ta yi nisa ya koma fim, aka kuma ba shi aikin haɗa ƙungiyar wasan ƙasa ta Najeriya a 1986. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990. Bayan sallar la'asar za mu dawo kan yadda yake raba kuɗin ƙofa da tsara tafiya, tunda shi ne abin da shugabanku ya roƙe ni.