Yadda ake neman kalma a ƙamus

(Daga laccar da wani malami ya yi wa ɗaliban sakandare a Garwa ta ƙasar Kamaru, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ita kanta kalmar ƙamus Balarabiya ce, ma'anarta teku. Littafin kalmomi ya samo wannan suna daga Alƙamusul Muhiɗ, littafin kalmomin Larabci na Fairuzabadi, wanda ya rasu shekara ta 817 bayan Hijira.

Ga inda yaranmu ke shan wahala. Yaro yana karatun Faransanci, ya ci karo da "irai". Ya buɗe Larousse, ya bi harafin I da yatsa har ƙasa, babu. Sai ya rufe, wai ƙamus ɗin bai cika ba. Alhali tana can gidan ubanta, ƙarƙashin "aller". Haka "yeux", in ma ka same ta, gun "œil" za a tura ka. Masu zuwa Islamiyya da yamma sun san wannan tuni: "istigfari" ba a nemansa a alif, sai ka tuɓe masa riga ya koma gain, fa, ra. Fairuzabadi ma da harafin ƙarshe yake farawa, sai ka tafi babin ra.

Hausa fa? Kar ku yi dariya, mu nan da Fulatanci ya shiga bakinmu mun fi kowa buƙata. "Duwatsu" tana wajen "dutse". Ga ƙamus na Bargery na 1934, ga na Jami'ar Bayero na 2006 wanda ke fassara Hausa da Hausa.

Ka samu kalmar, to kar ka cafke ma'anar farko ka gudu. Wata ɗalibata ta taɓa fassara min cewa mahaifiyarta ta sayo lauyoyi uku a kasuwa, ɗaya ya ruɓe. "Avocat" ta gani, ba ta sauka layi na gaba ba, inda fiya take. Mu ma "fari" launi ne, kuma rashin ruwan sama ne. Jimla ce ke raba gardama.

Ni dai ba na tsayawa kowace kalma. Fensir nake riƙewa, in ja layi, in ƙarasa shafin. Wadda ta sake dawowa, ko ta tare min hanya, ita nake buɗe wa ƙamus.

Wancan mai hula, na ga hannunka tun ɗazu. Bismilla.