Kafin Yaro Ya Zauna Gaban Tsohon Soja

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici.)

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, da ku matasa da na hango can baya, sannunku da zuwa. An ce in yi magana kan karrama 'yan mazan jiya ta hanyar karatu da yara, to bari in fara da ranakun da aka ware musu.

Ranar 11 ga Nuwamba, 1918, da ƙarfe 11 na safe, aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Har gobe a Birtaniya ana yin shiru na minti biyu a wannan lokaci, ana maƙala jan fure a ƙirji. Amurka ta riƙe ranar, a 1954 ta mai da ita ta duk wanda ya taɓa sa kaki, tunda waɗanda suka mutu a fagen daga suna da tasu a ƙarshen watan Mayu. Najeriya kuwa 15 ga Janairu take yi, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Fareti abu ne mai kyau, ban ƙi ba. Amma ku lura da yadda ake tashi: an ajiye furanni, an busa begila, kowa ya kama gabansa. Dattijon da aka zaunar a sahun gaba da lambobi a ƙirji, ba wanda ya tambaye shi komai. Da labarinsa ya zo, da shi ya koma gida.

Me ya hana jikansa tambayarsa? Bai san me zai tambaya ba. In kun bar yaro da abin da fim ya koya masa, tambaya ɗaya gare shi: "Kaka, mutum nawa ka kashe?" Daga nan hira ta mutu, don ba tambayar da ke rufe bakin tsohon soja kamar wannan. Aikin littafi a nan shi ne ya sa wa yaro wata tambayar a baki.

Ƙananan yara ba sa bukatar fagen fama. A nemo musu littafi mai hotuna da ke maganar rabuwa, da wasiƙa, da jira, da dawowa, abubuwan da ɗan shekara 6 ya riga ya san ɗacinsu da daɗinsu. Ku ɗauka yarinya ce zaune kusa da kakanta, ana buɗa shafi. Sai ta ɗora yatsa kan hoton wani soja ta ce, "Kaka, wannan ƙaton takalmin ba ya cin ƙafa?" Tsoho ya kwashe da dariya, ya ce ai har da shi ake kwana, kuma in an yi kwanaki cikin ruwa, ranar da aka cire shi fatar ƙafa ta yi fari fat. Kun ga an shiga labari ba tare da an taɓa gyambo ba. Daga takalmi a koma abinci, daga abinci a koma sunan abokin da suke raba kwano. In akwai taswira a kusa, a buɗe ta, yarinya ta nemo wurin da kanta.

Matasa kuwa, a nan zan daɗe, don su ba a yi musu rufa-rufa. Ka ba ɗan shekara 15 littafin da kowane soja a ciki jarumi ne marar tsoro, zai ajiye maka kayanka. A ba su abin da sojojin suka rubuta da hannunsu, wasiƙu da tarihin rayuwa, a kuma ba su tarihin da ba shi da daɗin ji. Su karanta yadda Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin dajin da mota ba ta shiga, ana jefo musu abinci daga jirgin sama, wasunsu ba su da bindiga ma, kaya kawai suke ɗauka a ka. Su karanta abin da ya faru a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba, 1944, inda sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu na albashi. Su san cewa baƙaƙen fatan Amurka sun yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunonin da aka ware su, sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu kan umarnin kawo ƙarshen wariyar. A 2021 ma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Wani zai ce, Malam, wannan ai tonon silili ne, ina karramawar? Ni a ganina nan take. Matashin da ya san an yi amfani da mutum an mance da shi, ba zai ƙara wuce tsohon soja a layin karɓar fansho ya ɗauke kai ba.

Bayan karatu sai rubutu. A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta kafa wani shiri a ƙarƙashin babban ɗakin karatunta, ana tattara hirarraki da wasiƙu da hotunan tsofaffin sojoji, kuma ɗalibai suna cikin masu yin hirar. Ba sai an jira hukuma ba. Wayar da ke aljihun ɗanku ta isa naɗar murya. Ya rubuta tambayoyinsa daga abin da ya karanta, ya nuna wa dattijon tun kafin a fara, wadda ya ce a cire a cire. In ya yi shiru a tsakiya, kada a cika masa shirun da surutu, kada kuma a matsa. Akwai waɗanda har yanzu barci ba ya zo musu da sauƙi, kuma ba bashi muke bin su ba. Kada a mance da mata da suka yi aikin soja, da matan da aka bari da yara suna jiran saƙo.

Hajiya ta aiko da takarda tana tambaya, in babu tsohon soja a dangi fa? To Hajiya, a yi magana da shugaban makaranta ya tuntuɓi ƙungiyar tsofaffin sojoji mafi kusa, ya gayyato mutum ɗaya ko biyu. Sharaɗina ɗaya ne: ajin ya gama karanta littafin kafin baƙon ya zo, a kuma aika masa kwafi ya duba. Ana yi min alamar lokaci ya cika, sauran tambayoyin sai mun fita.