Sharhi: Kiɗan Japan marar waƙa ya fi ƙarfin cike giɓi

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata ɗabi'a a gidajen rediyonmu da ta ishe ni. Da zarar an samu minti biyu kafin labarai, ko layin wakili ya katse, sai a lalubo wani kiɗa marar waƙa a saka. Ba a faɗin sunan mai shi, ba a barin sa ya kai ƙarshe. A haka muka koya wa jama'a cewa kiɗan da babu murya a cikinsa kiɗan jira ne kawai. Shi ya sa idan ka ce wa matashi ya nemi makaɗan Japan ya saurara, sai ya dube ka ya ce, "To ina waƙar?"

Ina waƙar? Bahaushe ne ke wannan tambaya? Mu da mai kalangu zai buga taken mutum a tsakiyar kasuwa, bai buɗe baki ba, amma mai taken ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Mu da kakaki da algaita ke sanar da fitowar sarki. Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda fahimtarsa ta addini, ba da shi nake ba, wannan zaɓinsa ne. Da mai sauraron kiɗa nake, wanda ya yanke hukuncin cewa sai an rera baiti kafin abu ya cancanci kunnensa.

Mu fara da ganga, tunda ita muka fi sani. A tsibirin Sado na ƙasar Japan akwai ƙungiyar makaɗan ganga ta Kodo, wadda ta fara bayyana ga duniya a birnin Berlin a 1981. Wanda ke son shiga cikinsu sai ya yi shekara 2 yana almajirci a tsibirin: gudu da sassafe, noman shinkafa, sassaƙa makaɗinsa da hannunsa. Ku nemi hoton bidiyonsu ku ga lokacin da mutum ɗaya zai tsaya gaban babbar gangarsu, wadda fuskarta ta fi mita ɗaya faɗi. Zai juya wa jama'a baya, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannaye sama da kansa. Ba ya farawa da ƙarfi. Taɓa fatar yake a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar dattijo, sai bugun ya riƙa kauri har gumi ya wanke masa gadon baya. Wannan ne za a katse a tsakiya don a karanta sanarwar ɗaurin aure?

Sai 'yan'uwan nan biyu, Yoshida Brothers, Ryoichiro da Kenichi, daga tsibirin Hokkaido, waɗanda suka fitar da faifansu na farko a 1999. Abin kiɗansu shamisen ne, mai tsirkiya uku. Salon da suke bi na yankin Tsugaru ne a arewacin Japan, inda a da makafi ke yawo da shi gida-gida suna neman abin kai wa baka. Da wani faffaɗan makaɗi suke dukan tsirkiya da fata a lokaci guda, sai ka ji kiɗa da ganga daga hannu ɗaya. Abin da ake yi wa kallon sana'ar mabarata, yau shi ke cika zauruka a Amurka da Turai.

Wani zai ce ai ba mu san abin da suke nufi ba. Haba! Shekara da shekaru muna bin waƙoƙin finafinan Indiya, mun haddace su, muna rerawa a gidajen biki, alhali yawancinmu ba mu jin yaren. A can ne ma akwai katangar harshe, muka tsallake ta ba tare da ƙorafi ba. A nan babu katangar kwata-kwata. Wani kuma zai ce kiɗan baƙi zai kashe namu. Wannan ma ba hujja ba ce. Ku leƙa ɗakunan haɗa sauti na Kano da Kaduna, ku tambaya da me aka gina kiɗan finafinanmu. Da fiyano ne na Yamaha, kamfanin Japan. Kayan aikinsu mun karɓa hannu bibbiyu tun tuni, amma jin yadda masu kayan ke sarrafa su ne ya zama laifi?

To ga inda za a ji. Ƙungiyar Casiopea, da aka kafa a Tokyo a 1976 ƙarƙashin mai jita Issei Noro, suna da faifai mai suna Mint Jams na 1982. A gaban jama'a aka ɗauke shi, mutum huɗu ne kacal, amma za ka rantse an yi wata guda ana gyara shi a ɗaki saboda yadda hannayensu ke sauka tare. Mai fiyanonsu, Minoru Mukaiya, shi ne daga baya ya riƙa tsara gajerun kiɗan da ake sakawa a tashoshin jirgin ƙasa idan jirgi zai tashi. Ku duba fa, ƙasar da ko kiɗan sallamar fasinja sai ta nemo gwani ya tsara. Akwai T-Square, waɗanda kiɗansu Truth na 1987 ya zama taken tseren motoci na Formula One a talabijin ɗin Fuji. Akwai Yellow Magic Orchestra ta 1978, da ke cikin na farko da suka yi aiki da na'urar ganga ta Roland TR-808, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan kiɗan hip-hop. Biyu daga cikin mutum ukun da ke ƙungiyar, Yukihiro Takahashi da Ryuichi Sakamoto, sun rasu a 2023.

Ba na cewa duka za su burge kowa ba. Ƙungiyar Mono, da aka kafa a 1999, kiɗansu ɗaya kan wuce minti 10. Jita guda ce za ta fara can ƙasa-ƙasa, ta yi ta maimaita abu ɗaya, kafin saura su shigo su rufe ka. Mai gaggawa ba zai jure ba, kuma ban tabbata akwai tashar da za ta sadaukar da wannan lokacin ba. Wanda ke son abu mai zafi ya nemi toe, ƙungiyar Tokyo ta shekarar 2000, inda mai ganga Kashikura Takashi ke jan ragama, jita ke biye da shi a baya.

Abin da nake nema a wajen abokan aikina bai taka kara ya karya ba. Idan za ku saka kiɗa marar waƙa, na Japan ne ko na mai gurmin ƙauyenku, ku faɗi sunan mai shi, ku bar shi ya kai ƙarshe, ku daina surutu a kansa. Minti biyar ne a cikin awa 24. Tallar maganin gargajiya ma muna ba ta fiye da haka.