Kuskuren Maƙera Ko Rauni Ne? Yadda Ake Duba Tsohuwar Tsaba

Malam Garba: Jama'a, assalamu alaikum. Yau muna kan tsofaffin sulalla ne, ina tare da Hajiya Binta da Sani. Hajiya, mutum ya tsinci tsohon kwabo a adakar kakarsa, da me zai fara?

Hajiya Binta: Ya fara da kame hannunsa, Malam. Kada ya wanke, kada ya goge. Da yawa sai su ɗauko toka da lemun tsami wai su fito da ƙyalli, nan take sun kashe darajar kwabon. Gogewa tana barin siraran layuka masu bin hanya ɗaya, kuma kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC na Amurka ba sa ba wa irin wannan tsaba lambar daraja, sai dai su rubuta cewa an wanke shi. A riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, a shimfiɗa tsumma mai laushi a ƙasa.

Sani: Ita lambar, daga 1 ne zuwa 70. William Sheldon ne ya fito da ma'aunin a 1949. Daga 60 zuwa sama, tsabar da ba ta taɓa yawo a hannu ba ke nan. Kayan aikin kaɗan ne: fitila ɗaya, gilashi mai ƙara girma sau biyar zuwa goma, sikelin da ke auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, sai maganaɗisu.

Malam Garba: To ta yaya za a gane ta yi yawo?

Sani: A karkata ta a ƙarƙashin fitilar, a juya a hankali. Sabuwa za ka ga haske yana zagayawa kamar ƙafar keke. Inda hasken ya yanke ya dushe, nan ta fara suɗewa, kuma kullum daga tudu take farawa: kumatu, gashin kai, saman kambi.

Hajiya Binta: Amma Sani, ka bar mu da abin da ke cinye kuɗin mutane, wato kuskuren bugu. Ana buga tsaba ne tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, kuma zanen a cikin hatimi a nutse yake. Idan hatimi ya tsage, ƙarfe zai shige tsagar, sai layin ya fito a tashe. Karce kuwa nutsewa yake yi, kuma a gilashi za ka ga ƙarfen da aka ture ya taru a bakinsa, kamar kunyar da garma ta tayar. Layi a tashe, a dubi hatimi. Layi a nutse, a fara da zargi.

Malam Garba: Wadda gefenta ya gutsure fa?

Hajiya Binta: Akwai ta gaske. Injin da ke yanko faifan ya hau kan ramin da ya riga ya yanka, sai faifan ya fito da giɓi tun kafin bugu. Shaidarta, a dubi ɗaya gefen, daidai kishiyar giɓin, sau da yawa bakin wurin ba ya tashi sosai. Haruffan da ke kusa da giɓin kuma suna sulalewa cikinsa sannu a hankali. Wadda aka yanka da almakashi ko aka ci da magagari, harafin tsaf yake har inda ya yanke, kuma bakin yana da kaifi.

Sani: Haka rubutu mai biyu-biyu. Kowa na son irin sentin Amurka na 1955, wanda a hatimin kansa rubutun ya fito sau biyu, ko da ido ana gani. Na gaske, harafi na biyu a kumbure yake kamar na farko, ƙarshen haruffan a rabe. Wanda hatimi ya ɗan girgiza wajen bugu kuwa, na biyun a baje yake kamar dakali, har ya rage wa harafin kauri. Wannan ba ya ƙara ko sisi.

Malam Garba: Maganaɗisun fa, ina aikinsa?

Sani: A 1943, saboda yaƙi, Amurka ta buga senti da baƙin ƙarfe mai rufin zinki, giram 2.7. 'Yan ƙalilan suka fito a jan ƙarfe bisa kuskure, giram 3.11, masu tsadar gaske. Mazambata sai su rufa wa na baƙin ƙarfe ruwan jan ƙarfe. Maganaɗisu ya ɗauke shi, magana ta ƙare. Wasu kuma na 1948 suke sassaƙe 8 ta koma 3, wannan sai an gwada siffar 3 ɗin da ta asali.

Malam Garba: Mu dawo gida. Anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo na zamanin Turawa ai dukkansu da huda suke.

Hajiya Binta: Wannan hudar daga maƙera take, zanen ma kewaye ta ya yi, don haka ba aibi ba ce. A nemi ƙaramin harafin H ko KN, alamar maƙerun Birmingham ne a Ingila. Na 1936 akwai masu sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, ba hoto. Amma liyarin Mariya Tiriza, sarauniyar Austriya, da aka huda aka rataya a wuya, wannan rauni ne, ko an toshe ana ganin tabon. Kuma kada 1780 da ke jikinsa ta ruɗi kowa, shekarar ce aka ci gaba da bugawa a kansa har yau. A ɗora shi a sikeli, cikakke giram 28 ne da ɗan ɗoriya.

Sani: Wajen ajiya kuma a guji leda mai laushi, tana fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe. Idan ya riga ya fito, a tsoma a asiton zalla, wato ruwan sinadari mai narkar da danƙo, ban da na goge farce, a bar shi ya bushe da kansa.