Tallafin Rigakafin Gobarar Daji a Kalifoniya da Garuruwan da Bai Isa Gare Su Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo, barkanku da war haka. Yau ina magana da ku ne daga gindin duwatsun Sierra Nevada a jihar Kalifoniya ta Amurka, a gefen babbar hanyar da ta taso daga Sacramento ta nufi tafkin Tahoe. Tarin itatuwan da kuke gani a bayana aikin ma'aikatan daji ne, waɗanda suka sare ƙananan bishiyoyi da sarƙaƙiyar da ta cushe ƙarƙashin manya, suka jibge su, suna jiran ruwan hunturu ya jiƙa ƙasa kafin su cinna musu wuta cikin tsari. Kuɗin irin wannan aiki daga baitulmalin gwamnati yake fitowa ta hanyar tallafi, kuma yadda ake raba wannan tallafi shi ne abin da nake so mu duba.

Wannan daji ya saba da wuta tun asali. Ƙabilun da suka fara zama a nan, irin su Karuk da Yurok na arewacin jihar, sukan ƙone ciyawa da ƙananan tsirrai a lokacin da suka san wutar ba za ta yi ƙarfi ba, sai dajin ya kasance a buɗe. Daga baya hukumomi suka hana su, sannan a 1935 hukumar kula da dazuzzuka ta tarayya ta kafa ƙa'idar cewa duk gobarar da aka ba da rahotonta a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar washegari. An yi haka da kyakkyawar niyya, amma shekara da shekaru busassun rassa da ganyaye suna taruwa ba abin da ke cinye su, ga fari, ga zafin da ke ƙaruwa. A ranar 8 ga Nuwamba 2018 gobarar da ake kira Camp ta cinye garin Paradise, ta kashe mutum 85, ta lalata gine-gine fiye da 18,000. A 2020 kuwa fiye da eka miliyan 4 ne suka ƙone a jihar.

Tun kafin gobarar Paradise da 'yan makonni, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ta ware dala miliyan 200 kowace shekara har tsawon shekara biyar domin lafiyar daji da rigakafin gobara, kuma kuɗin na fitowa ne daga abin da kamfanoni ke biya don samun izinin fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya. A 2020 jihar ta ƙulla yarjejeniya da hukumar dazuzzuka ta tarayya cewa za su riƙa gyara eka miliyan 1 a shekara. Wannan haɗin gwiwa dole ne, domin fiye da rabin dazuzzukan Kalifoniya mallakar gwamnatin tarayya ne, jihar kanta kashi 3 cikin 100 kawai take da shi, saura kuma na masu zaman kansu da ƙabilu, ita kuwa wuta ba ta tambayar mai fili kafin ta tsallaka. Dokar gine-ginen more rayuwa ta tarayya ta 2021 ta ƙara dala biliyan 1 don taimaka wa garuruwan da ke cikin haɗarin gobarar daji a faɗin Amurka, sannan a Nuwamba 2024 masu zaɓe a jihar suka amince gwamnati ta ciyo bashin dala biliyan 10 saboda sauyin yanayi, wanda biliyan 1.5 daga ciki na daji da gobara ne.

Hukumar kashe gobara ta jiha, CAL FIRE, takan sanar da buɗe neman tallafi, sai ƙananan hukumomi da ƙabilu da ƙungiyoyin mazauna unguwa su rubuto abin da suke son yi. Wasu su nemi kuɗin rage bishiyoyi, wasu na ƙuna cikin tsari, wasu na hayar garken awaki da za su cinye ciyawar gangaren da inji ba ya iya hawa. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na share kewayen gidajen tsofaffi da naƙasassu, domin doka ta wajabta wa mai gida a irin wannan yanki ya gyara ƙafa 100 kewaye da gidansa, alhali dattijuwar da ke zaune ita kaɗai a kan kuɗin fansho ba ta da ƙarfin riƙe zarto, ba ta kuma da kuɗin ɗaukar leburori.

Shin aikin yana amfani? Amsar tana nan kusa da inda nake tsaye. A Agustan 2021 gobarar Caldor ta cinye mafi yawan ƙauyen Grizzly Flats, inda aikin rage dajin da aka tsara a kusa da shi bai kammalu ba. Wutar nan ta haura duwatsu ta gangaro wajen Meyers, kusa da tafkin Tahoe, inda aka daɗe ana sassabe da rage bishiyoyi, sai harshenta ya sauko daga kan bishiyoyi zuwa ƙasa, 'yan kwana-kwana suka sami damar tsayawa su kare gidaje. Wuta ɗaya ce, amma ta tarar da daji iri biyu.

Abin da ke damuna shi ne hanyar da kuɗin ke bi kafin su iso ƙasa. Neman tallafi gasa ce, kuma takardunta na buƙatar taswira, da lissafin kasafi, da binciken illar aikin ga muhalli, da izinin kowane mai fili da aikin zai ratsa. Gundumar da ke da ma'aikata masu albashi za ta iya rubuta wannan cikin sauƙi, amma ƙaramin ƙauyen da 'yan sa-kai ke riƙe da ƙungiyarsa, wanda sau da yawa shi ya fi kusa da bakin wuta, sai a bar shi a baya. Ƙari a kan haka, yawancin tallafin sai an yi aikin an kawo rasit ake biya, ke nan wanda ba shi da jari a hannu ba zai iya ko farawa ba. Shi ya sa nake ganin shirin da ma'aikatar kiyaye albarkatun ƙasa ta jihar ta fara a 2019, wanda ke ba manyan ƙungiyoyin yanki kuɗi a dunƙule don su horar da mutane, su tsara ayyuka, su taimaki ƙanana wajen rubuta buƙatunsu, ya fi yawancin sauran muhimmanci, ko da yake ba a ganin amfaninsa a hoto kamar yadda ake ganin sararren daji.

Matsala ta biyu ita ce wa'adi. Tallafi yakan ƙare cikin 'yan shekaru, amma tsirrai ba sa daina tofowa. Makiyayan Nijar sun san wannan sarai, domin faffaɗan layin da ake sharewa a makiyaya bayan damina don tare wutar daji, idan wata daminar ta wuce sai an sake share shi. A nan ma wurin da aka gyara yau zai sake cushewa idan ba a dawo masa da wuta ko awaki ko zarto ba, kuma samun kuɗin sabon aiki ya fi samun na kula da tsohon sauƙi, saboda sabon ne ake ƙirgawa a rahoto a matsayin ƙarin eka.

Ra'ayina shi ne, daga cikin dala biliyan 1.5 da jama'a suka amince da su, da kuma kuɗin da ke shigowa kowace shekara, ya kamata a ɗaure wani kaso ga komawa wuraren da aka riga aka gyara, a kuma riƙa ba ƙananan ƙungiyoyi da ƙabilu isasshen kuɗin somin aiki tun kafin su kawo rasit. A bidiyo na gaba, in Allah ya yarda, zan nufi kogin Klamath don mu ga yadda ƙabilun can suka dawo da ƙunarsu ta gargajiya. Na gode da kallo, a huta lafiya.