Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba

Assalamu alaikum. Mai unguwa, ranka ya daɗe, malamai, iyayenmu mata da ke can baya, da fatan kuna ji na.

An ce in yi magana kan cututtukan yau da kullum. To suna da yawa, ko kwana za mu yi a nan ba za mu ƙare ba. Zan tsaya a kan wanda babu gidan da bai leƙa ba, wato zazzaɓi.

Mu gaya wa kanmu gaskiya. In jikin mutum ya yi zafi da daddare, gari na wayewa sai kemis. "Malam, haɗa min na maleriya da taifot." Ya ɓallo fari biyu, rawaya ɗaya, mai ja da baƙi ɗaya, ya ƙulle a leda. Ba a tambayi nauyinka ba, ba a taɓa jininka ba. Na ga kuna dariya, ai ni ma kafin in shiga aikin nan na lafiya haka nake yi.

Ban ce maleriya ba ta nan ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Najeriya suke. Amma zafin jiki alama ce kawai, kamar hayaƙi, sai an duba inda wutar take. Ciwon kunne yana kawo shi, ciwon maƙogwaro, ciwon mafitsara, ƙyanda, sanƙarau, har zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo min ɗanta, shekararsa biyu. Kwana huɗu ana ɗura masa maganin maleriya, jiki ya ƙi sanyi. Na ce ta ɗage masa riga. Na zuba wa ƙirjinsa ido ina duba agogo, haƙarƙarin nan yana lotsawa ciki, numfashi ya haura 50 a minti ɗaya. Yaro mai shekarunsa in ya kai 40 ma abin dubawa ne. Muka soki yatsa muka yi gwajin jini, babu maleriya. Namoniya ce take cin huhunsa, ana ta faɗa da sauro.

Gwajin nan fa ba wani abu ba ne. Ɗigon jini ɗaya, minti 15 zuwa 20, in layi biyu ya fito a jikin abin gwajin akwai maleriya, layi ɗaya babu. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

To in an gwada an samu fa? Kulorokwin dai, wanda ya sa mu ƙaiƙayi muna yara, tun 2005 ƙasar nan ta sauya shi, don ƙwayar cutar ta saba da shi. Yanzu sai haɗin maganin maleriya da ake kira ACT, irin su Coartem. Shi Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku. Na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran safe da yamma, kuma a sha da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, a haka yake shiga jini sosai. Nan ne muke da laifi babba: an sha na kwana ɗaya, jiki ya yi dama, sai a jefa sauran a kwalla, wai a ajiye wa ƙanensa. Cutar ba ta mutu ba, suma ta yi. Bayan sati biyu ta farfaɗo, a ce ai maganin jabu ne.

Wani ya taɓa ce min, tunda daga dangin tazargade aka samo maganin, me zai hana ya dafa abinsa a gida? Gaskiya ne, daga wani tsiro na ƙasar Sin aka fitar da shi, har matar da ta yi aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma tukunyarka ba ta san awo ba.

Taifot kuwa ta ruwa da abinci marasa tsafta take shiga, kuma gwajin Widal da ake yawan yi yana iya nuna ta ga wanda lafiyarsa ƙalau. Mun shanye wa kanmu maganin kashe ƙwayoyin cuta a banza, ranar da muke buƙatarsa da gaske sai ya ƙi aiki.

Farasitamol ma a yi hankali. Babba kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 cikin awa 24, hanta yake taɓawa. Allura da ƙarin ruwa kuma ba su fi ƙwaya ƙarfi ba in mutum yana iya haɗiya.

Iyaye mata, wannan naku ne. Yaro ya fara jijjiga, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko ya ƙi kama nono, ko wuyansa ya sandare, ko an tashe shi ya kasa farkawa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, wannan ya wuce kemis, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. A saɓa shi sai asibiti. Kuma don Allah a daina cusa cokali a bakin mai jijjiga, a kwantar da shi ta gefe kawai.

Hajiya, na ga tun ɗazu hannunki a sama. A miƙa mata abin magana.